Yadda Ake Muhawara Mai Ma'ana a Kan Finafinan Kaboyi da Daraktocin Barkwanci na Dā

Duk inda masu son tsofaffin finafinai suka haɗu, akwai gardama biyu da ba a rasa ji. Ta farko ita ce ko finafinan kaboyi sun cancanci girman da ake ba su, ko kuwa harbe-harbe ne da sukuwar dawaki kawai. Ta biyu kuma ita ce wane ne gwani a cikin daraktocin barkwanci na dā, Charlie Chaplin ko Buster Keaton, Ernst Lubitsch ko Billy Wilder. Gardamar tana da daɗi kuma tana ƙara sani, amma sau da yawa takan mutu tun ba a je ko'ina ba, domin kowa sunan gwaninsa yake maimaitawa yana ƙara ɗaga murya, babu mai kawo abin da abokin musunsa zai iya dubawa da idonsa. Ga hanyar da nake ganin ta fi dacewa a bi domin a tashi daga zaman da wani abu a hannu.

Ku fara daidaitawa a kan abin da kuke aunawa

Kafin kowa ya ce wane ya fi wane, ku tsayar da tambayar. Aikin darakta daban, aikin jarumi daban, ko da a jikin mutum ɗaya suka haɗu. Chaplin da Keaton sun yi duka biyun, shi ya sa ake yawan rikita su, har mutum ya ce Chaplin ya fi iya ba da umarni alhali abin da ya burge shi shi ne tafiyarsa da sandarsa da yadda yake motsa fuska. Harold Lloyd, wanda kowa yake tunawa da shi yana reto a jikin hannun agogon wani dogon bene a fim ɗin Safety Last! na 1923, ba shi ya ba da umarnin fim ɗin ba, Fred Newmeyer da Sam Taylor ne. Wanda ya jefa sunansa a cikin musun daraktoci ya riga ya sauya tambayar ba tare da ya sani ba.

Haka nan finafinan kaboyi ba abu guda ba ne. Tsakanin The Great Train Robbery, fim ɗin minti goma sha biyu da Edwin S. Porter ya ɗauka a 1903 a jihar New Jersey, can gabashin Amurka, da Unforgiven na Clint Eastwood wanda ya fito a 1992, akwai kusan shekara casa'in da dubban finafinai, mafi yawansu masu arha ne da aka yi cikin gaggawa. Mai sukar finafinan kaboyi yakan ɗauko mafi rauninsu, mai kare su kuma ya ɗauko mafi kyawunsu, sai a kwana ana magana a kan abubuwa biyu daban. Ku zaɓi darakta biyu, ko fim biyu, ku yarda cewa a kansu za a yi hukunci. Ku kuma ajiye lambobin yabo a gefe. John Ford ya karɓi kyautar Oscar ta gwarzon darakta har sau huɗu, amma babu ko ɗaya da ya samu saboda fim ɗin kaboyi, duk da cewa da su aka fi saninsa a yau. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa kyauta tana bayyana ra'ayin masu zaɓe na shekarar ne kawai.

Ku tabbatar fim ɗaya kuka kalla

Wannan mataki gajere ne amma ana yawan tsallake shi. The Gold Rush na Chaplin iri biyu ne: na asali marar magana da ya fito a 1925, da wanda ya sake fitarwa a 1942 bayan ya rage tsawonsa ya ɗora muryarsa yana ba da labari. Finafinai marasa magana kuma an ɗauki yawancinsu da kyamarar da ake juyawa da hannu, don haka idan aka nuna su da saurin da bai dace ba sai mutane su riƙa motsi kamar ana korar su, barkwancin ya lalace. Finafinan Sergio Leone an ɗauke su ne da hoto mai faɗi, kuma kwafin da aka datse gefe da gefe domin ya cika akwatin talabijin yakan jefar da kusan rabin abin da darakta ya jera. Idan ɗayanku a kan ƙaramar waya ya kalli kwafi mai dishi-dishi, to ku sake kallo tare kafin a fara.

Hujja ita ce fitowa guda da za a iya komawa a duba

A nan ne ƙarfin muhawarar yake. Kada ka ce fim ya yi kyau ka yi shiru. Ka ɗauko fitowa ɗaya, ka faɗi inda aka kafa kyamara, abin da aka nuna, abin da aka ɓoye, da lokacin da aka yanke zuwa hoto na gaba, sannan ka ce ga abin da wannan zaɓi ya haifar a zuciyar mai kallo.

Mai kare Ford zai iya ɗauko The Searchers na 1956. Fim ɗin yana buɗewa ne daga cikin ɗaki mai duhu, mace ta buɗe ƙofa sai ga hamada tana haske a waje, mahayi yana tahowa daga nesa. A ƙarshe kyamara tana komawa cikin ɗaki, kowa ya shige gida, sai jarumin da John Wayne ya fito a matsayinsa ya tsaya shi kaɗai a bakin ƙofa, ya juya ya tafi, ƙofar ta rufe. Mutumin ya shafe shekaru yana neman 'yar ɗan'uwansa da 'yan ƙabilar Comanche, ɗaya daga cikin ƙabilun asalin Amurka, suka sace, kuma a mafi yawan tafiyar niyyarsa ita ce ya kashe ta saboda ta zama ɗaya daga cikinsu. Da ƙofar nan kaɗai Ford ya yanke masa hukunci: ya dawo da yarinyar, amma mai irin wannan ƙiyayya ba shi da wurin zama a cikin gida. Duk wanda ya ce finafinan kaboyi ba su da tunani, wannan fitowa ce ya kamata ya amsa.

Mai kare Leone kuma zai ɗauko farkon Once Upon a Time in the West na 1968, inda mutum uku suke jiran jirgin ƙasa a tashar da ba kowa, fiye da minti goma, kusan ba tare da magana ba. Abin da ake ji shi ne kukan injin iska mai jawo ruwa, da ɗigon ruwa a kan hular ɗayansu, da ƙudan da ya dami fuskar wani. Idan harbin ya zo, cikin daƙiƙoƙi yake ƙarewa. Da aka ajiye waɗannan fitowa biyu kusa da juna, musun ya samu ƙafar tsayawa: Ford yana kallon mutum a tsakiyar jama'arsa, da ɗaurin aure da jana'iza da rawa, shi kuwa Leone yana jan lokaci ne har numfashin mai kallo ya tsaya. A nawa ganin Ford ya fi zurfi, domin mutanensa suna da abin da za su rasa, amma ba na musun cewa Leone, da taimakon kiɗan Ennio Morricone, ya fi shi sanin yadda ake riƙe ido da kunne.

Wannan ma'auni yana aiki daidai a barkwanci. A Steamboat Bill, Jr. na 1928, bangon gaban gida sukutum ya faɗo a kan Keaton, ya tsira ne kawai saboda yana tsaye daidai inda buɗaɗɗiyar tagar sama za ta sauka. Bangon na gaske ne mai nauyi, kuma an ɗauki faɗuwar daga nesa ba tare da yankewa ba, domin da an yanke hoton a tsakiya da mai kallo ya san dabara ce, dariyar da fargabar duka su gudu. Chaplin kuwa matsalar da ya yi fama da ita a City Lights na 1931 ta daban ce: yaya makauniya mai sayar da furanni za ta ɗauka cewa wannan matalaucin attajiri ne, a fim ɗin da babu magana? An sake ɗaukar fitowar fiye da sau 300 kafin ya gamsu. Mafitar da ya samu ita ce ƙarar ƙofar mota: ya ratsa ta cikin wata motar alfarma da ke tsaye domin ya kauce wa ɗan sanda, ita kuma ta ji an buɗe ƙofa an rufe, ta ɗauka mai motar ne ya sauko. Idan kun kawo waɗannan biyun, za ku ga cewa Keaton yana gina dariya da wuri da nauyi da lissafi, Chaplin kuma da halin mutum da rashin fahimta.

Ka san gardamar da masu finafinan suka yi da kansu

Babu abin da yake ƙara wa muhawara nauyi kamar sanin cewa daraktocin ma sun yi ta, kuma da finafinai suka amsa wa juna. High Noon na Fred Zinnemann ya fito a 1952. Labarin shugaban 'yan sandan wani ƙaramin gari ne, wanda Gary Cooper ya fito a matsayinsa, da ya ji cewa wani mugu da ya taɓa ɗaurewa zai sauka daga jirgin ƙarfe goma sha biyu na rana, sai ya bi gida gida da coci yana neman mataimaka, kowa ya ba shi uzuri. Marubucin labarin, Carl Foreman, an kira shi gaban kwamitin majalisar Amurka mai farautar 'yan gurguzu a daidai lokacin da ake aikin fim ɗin, ya ƙi ambaton sunayen abokansa, aka hana shi aiki har ya koma Ingila. Shi ya sa mutane da yawa suke karanta fim ɗin a matsayin labarin yadda jama'a suke watsar da mutum a ranar da tsoro ya shigo gari.

John Wayne da darakta Howard Hawks ba su so fim ɗin ba. A ganin Hawks, ƙwararren jami'in tsaro ba ya yawo yana roƙon manoma da 'yan kasuwa su zo su mutu a madadinsa. Sai suka yi Rio Bravo a 1959, inda jarumin yake ƙin karɓar taimakon waɗanda ba su iya ba, ya tsaya da mashayin da yake ƙoƙarin tuba, da tsoho gurgu, da wani saurayi gwanin harbi. Ku kalli biyun a jere sannan ku yi musu. Za ku tarar cewa tambayar ta tashi daga wane fim ya fi daɗi ta koma ga wadda ta fi girma: shin kare gari nauyin kowa ne, ko aikin waɗanda suka ƙware ne kawai? Ni ina tare da Zinnemann a kan amsar, amma Hawks ya fi shi iya sa mutane su zauna a ɗaki ɗaya su yi hira har ka ji ka san su. Wannan kuwa ba abin mamaki ba ne, domin shi ne ya yi Bringing Up Baby a 1938 da His Girl Friday a 1940, biyu daga cikin manyan finafinan barkwanci na Amurka. Duk mai cewa kaboyi da barkwanci sana'o'i ne da ba sa haɗuwa, Hawks ne amsarsa.

Kada ka gudu daga zargin tarihi

Suka mafi ƙarfi a kan finafinan kaboyi ita ce sun wanke tarihi mai jini, kuma mai kare su da ya yi kamar bai ji ba ya faɗi tun kafin ya fara. Zamanin da ake kora garken shanu daga Texas zuwa tashoshin jirgin ƙasa na Kansas gajere ne, kimanin shekara ashirin bayan ƙarewar yaƙin basasar Amurka a 1865, kafin wayar shinge mai ƙaya da layin dogo su kawo ƙarshensa. Da yawa daga cikin makiyayan baƙaƙen fata ne da 'yan Meziko, amma finafinan sun kusa shafe su baki ɗaya. 'Yan asalin ƙasar kuwa, waɗanda aka ƙwace wa filaye, aka karkashe a wurare irin su Sand Creek a 1864 da Wounded Knee a 1890, sau da yawa an nuna su ne a matsayin taron maharan da ba su da suna. A Stagecoach na Ford, na 1939, 'yan ƙabilar Apache ba su da wani aiki sai bin keken doki da kibiya da bindiga. A The Searchers ɗin da na yaba, Bature haifaffen Jamus, Henry Brandon, shi ya fito a matsayin shugaban Comanche.

Ka amince da wannan duka a fili. Bayan haka kana da damar ka nuna cewa Ford da kansa ya yi Sergeant Rutledge a 1960, inda Woody Strode ya fito a matsayin sojan baƙar fata da aka yi wa ƙazafi, da Cheyenne Autumn a 1964, wanda ya ɗauki ɓangaren waɗanda aka kora daga ƙasarsu. Ko wannan ya biya bashin ko bai biya ba, abin musu ne na gaskiya, kuma ni ina ganin bai biya ba. Mai karatu Bahaushe yana da wata fahimta da za ta taimake shi a nan, domin Shane na George Stevens, na 1953, rikicin manoma da masu shanu ne a kan fili da ruwa, abin da ba baƙo ba ne a gare mu. Sai dai a lura cewa a can mai shanun attajiri ne mai hayar 'yan bindiga, manoman ne sababbin zuwa, don haka kwatancin yana da iyaka.

Adalci ya ce a ɗora wannan ma'auni a kan barkwanci ma. The General na Keaton, na 1926, wanda a wurina babu fim marar magana da ya kai shi tsari, inda aka saki kan jirgin ƙasa na gaske ya rufta daga gada zuwa cikin kogi a jihar Oregon, jaruminsa yana ɓangaren Kudu ne a yaƙin basasar Amurka, ɓangaren da ya yi yaƙi domin ci gaba da bautar da mutane, kuma fim ɗin bai ce komai a kan bayi ba. Chaplin kuwa ya yi wa Hitler ba'a a The Great Dictator a 1940, tun Amurka ba ta shiga yaƙi ba, ko da yake daga baya ya rubuta cewa da ya san ainihin abin da ake yi a sansanonin Jamus da bai iya yin fim ɗin ba. Idan ma'aunin ƙarfin hali ne, Chaplin ya yi nasara. Idan kuwa iya sarrafa kyamara da fili ne, Keaton ne a gaba. Ku faɗi wanda kuke amfani da shi.

Barkwancin magana yana buƙatar haƙuri na musamman

Daga 1927, da sauti ya shigo, dariya ta fara komawa cikin baki, kuma wannan yana wahalar da wanda Turanci ba harshensa ba ne. A His Girl Friday 'yan wasa suna magana a kan maganar juna da saurin da rubutun ƙasan hoto ba ya iya kamawa. Wanda ya kalla bai yi dariya ba kada ya yi gaggawar cewa fim ɗin ba shi da gishiri, wanda ya yi dariya kuma kada ya raina shi. Hanya mafi adalci ita ce a nemi abin da ba ya buƙatar fassara. Lubitsch, wanda aka haifa a Berlin a 1892, ya shahara da barin kyamara a bakin rufaffiyar ƙofa, ko a kan agogo, ya bar mai kallo ya ƙarasa abin da yake faruwa a ransa. Dokar tace finafinai da aka tsaurara a Hollywood a 1934 ta sa wannan salon nuni da ishara ya zama dole ga kowa, amma shi ya riga ya ƙware a kai tun a Trouble in Paradise na 1932. Wilder, wanda ya rubuta masa labarin Ninotchka na 1939 tare da wasu, ya rataye allo a ofishinsa da tambayar yadda Lubitsch zai yi abu. Saboda haka musun Lubitsch da Wilder musun malami da ɗalibi ne, kuma tambayar da ta dace ita ce abin da ɗalibin ya ƙara. Amsar tana cikin The Apartment na 1960: ɗacin rayuwar ƙaramin ma'aikaci da yake ba manyansa aron makullin gidansa domin ya samu ƙarin girma.

Idan aka ce abin ba namu ba ne

Wani zai ce me ya haɗa mu da kaboyi. Ka tuna masa cewa labarin ya daɗe da barin Amurka. A Fistful of Dollars na 1964 Leone ne, ɗan Italiya, ya yi shi, a ƙasar Sifaniya ya ɗauki yawancinsa, labarin kuma daga Yojimbo na Akira Kurosawa ɗan Japan ya ɗauko shi ba da izini ba, har aka kai shi ƙara. A Kano an buɗe silimar Rex tun 1937, kuma finafinan kaboyi suna cikin abin da iyayenmu suka kalla kafin na Indiya su mamaye fili. A Nijar, Moustapha Alassane ya yi Le Retour d'un aventurier a 1966, labarin saurayin da ya dawo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka sauya sunaye, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu. Fim ɗin kaboyi ne kuma barkwanci ne a lokaci guda, sannan yana sukar abin da waɗannan finafinai suke yi wa samari.

Yadda za a tafiyar da zaman

Mutum biyu zuwa biyar sun isa, a kuma samu ɗaya mai riƙe lokaci. Kowa ya zo da fitowa biyu da ya shirya, ya san mintin da suke farawa, a nuna su kafin ya yi magana. Kafin ka mayar da martani, ka maimaita hujjar abokinka da kalmominka har sai ya ce haka yake nufi, domin rabin musu yana tasowa ne daga amsa abin da ba a faɗa ba. A hana cewa masana sun ce, sai dai in mutum zai iya nuna abin da suka gani a cikin hoton. Wanda yake son fim saboda tare da mahaifinsa ya fara kallonsa ya faɗi haka kai tsaye, a girmama shi, amma kada a lissafa shi a cikin hujjoji. Idan zaman ya cije babu mai motsawa, ku sauya gefe: mai kare Chaplin ya kare Keaton na minti biyar da fitowar da abokinsa ya kawo, mai kare Ford ya yi wa Leone haka. A zama na gaba kuma ku sa Yojimbo da A Fistful of Dollars a jere, ku riƙa tsayar da su a duk inda labarin ya zo ɗaya, kowa ya rubuta abin da Leone ya sauya da dalilin da yake ganin ya sa ya sauya shi.